Wane Kifi Ka Zo Nema?

(Kiɗan buɗe shiri, a sassauta)

  Ina gaida mutanen Illela da Kalmalo da Araba da Gidan Hamma, da na Gwadabawa da Gada, da masuntan Kware da Goronyo, da 'yan uwanmu na ƙetaren iyaka a Birnin Ƙonni da kewaye. Wanda ke gona, Allah ya ba da amfani. Wanda ke bakin ruwa da rediyo a rataye, Allah ya ba da sa'a.

Yau hirarmu a kan fatsa take, wato kamun kifi da sanda da zare da ƙugiya. Na san wani zai ce mene ne abin koyarwa a fatsa, abin da yaro ke yi da karan dawa. Gaskiya ne. To amma shekarun nan wasu kaya sun fara shigo mana. Samarinmu da ke zuwa ci-rani Legas da Fatakwal da Kwatano da Lome suna dawowa da sanduna masu walƙiya, da injin naɗe zare, da wasu ƙugiyoyi masu kan dalma waɗanda mutanen bakin teku ke kira jig. Wasu kuma a waya suka gani, suka aika aka sayo musu. Kuɗi na fita, kifi bai shigowa. Wannan ya sa na ce bari mu zauna mu duba yadda ake zaɓen sanda da zare, ga mai su a ruwanmu na gida, da kuma wanda tafiya ta kai shi bakin ruwan gishiri.

Bari in fara da abin da na gani da idona. Wani ɗan ƙanena ya dawo daga Legas da sanda doguwa, ta kusa mita 3, da inji, da akwatin jig kala-kala. Bayan damina muka tafi tafkin Kalmalo da sassafe. Ya haɗa kayansa, ya ja baya, ya wurga. Jig ɗin ya tafi can nesa, ya faɗa ruwa tsulum, ya nutse cikin laka, ya jawo shi da ciyawa. Ya sake, ciyawa. Tun ana kallonsa ana sha'awa har yara suka fara dariya. Can gefe kuwa wani dattijo na zaune bisa buhu, da sandar gora da ba ta kai gaba biyu ba, da siririn zare, da toton kara a matsayin abin shawagi, da gwangwanin tana. Lokaci-lokaci toton ya yi rawa, ya nutse, dattijo ya ɗan ɗaga hannu, sai ga karfasa tana wutsil-wutsil. Da hantsi ya yi muka je gaishe shi. Ya karɓi sandar yaron, ya juya ta, ya lanƙwasa kanta da yatsa, ya auna nauyin jig ɗin a tafin hannunsa. Sa'an nan ya ce, "Ɗiyana, kayanka na da kyawo. Amma wane kihi kaz zo nema?" Yaron ya yi shiru, don bai taɓa yi wa kansa wannan tambaya ba.

To jama'a, wannan tambaya ta dattijo ita ce kan maganarmu. Kafin ka taɓa aljihu, ka san kifin da kake nema da ruwan da yake ciki. Su ne za su gaya maka ƙugiyar da za ka ɗaura, ƙugiyar ta gaya maka zare, zaren ya gaya maka sanda. Mafi yawanmu ta baya muke farawa: mu sayi sanda don ta burge mu, sannan mu je neman kifin da zai yarda da ita.

Mu dubi ruwanmu tukuna. Kalmalo tafki ne mai faɗi marar zurfi, ƙasansa laka da ciyawa. Ruwan Majiya da ke gangarowa daga Nijar shi ke ciyar da shi, kuma kowa ya san yadda yake ja da baya idan rani ya yi nisa, har manoman fadama su bi sawunsa. Kifin irin wannan ruwa su ne karfasa da tarwaɗa da gaiwa. Karfasa abincinta gansakuka da ƙananan abubuwan cikin ruwa, bakinta ƙarami ne, ba ta bin ƙarfe a guje. Tarwaɗa kuwa a ruwa mai duhu take kiwo, da gashin bakinta da hancinta take neman abinci, shi ya sa tana da hanjin kaza da kwaɗo suka fi yi mata. Idan muka nufi madatsar Goronyo da ke kan gulbin Rima, mai iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 942, ko muka gangara Yawuri da tafkin Kainji, labari ya sauya. Can akwai zurfi, akwai mafarautan kifi irin giwan ruwa da tsage, masu bin ƙananan kifi da ido su cafke. Giwan ruwa na iya wuce kilo 100. A bikin kamun kifi na Argungu na 2020, wadda ta zo ta ɗaya kilo 78 ta yi, kuma da homa da gora aka fito da ita daga Matan Fada, kamar yadda Kabawa suka gada. Wanda zai tari irin wannan dabba da zare, lalle ya yi shiri.

Shi jig mene ne? Ƙugiya ce da aka zuba wa dalma a ka, aka ɗaura mata gashi ko aka sa mata jikin roba mai kamar ɗan kifi. Akwai kuma wanda gaba ɗayansa ƙarfe ne mai sheƙi, dogo kamar yatsa. Ba a sa masa koto. Mai fatsa ne ke ba shi rai da hannunsa: ya wurga, ya bari ya nutse, ya ɗaga kan sanda, ya sake shi ya koma ƙasa, ya naɗe zaren da ya saki, ya sake ɗagawa. A cikin ruwa sai abin ya yi kama da ɗan kifin da ya ji ciwo yana tashi yana faɗuwa. Mafarauci ba ya iya ƙyale irin wannan. Kuma sau da yawa a lokacin da jig ke sauka ne kifi ke kai masa cafka, ba lokacin da ake ɗaga shi ba. Ku riƙe wannan, don daga nan duk zaɓen sanda da zare ya taso. Idan ba ka ji wannan ɗan taɓin a hannunka ba, kifi zai ɗanɗana, ya ji ƙarfe ne, ya tofar, kai kuwa kana tsaye kana kallon sama.

(Ɗan kiɗa)

Masu saurare, mu zo kan sanda. Duk sandar kanti ta ƙwarai, idan ka duba jikinta kusa da mariƙi, za ka ga an yi rubutu ƙanana. Kada ka wuce shi, don shi ne takardar shaidarta. Abu uku ake rubutawa. Na farko tsawo, a mita ko a ƙafa. Na biyu nauyin abin da za ta iya wurgawa, misali 10 zuwa 30 da harafin g, ma'ana giram 10 zuwa 30. Idan ka ga oz, oza ke nan, kuma oza ɗaya giram 28 ce. Na uku ƙarfin zaren da ya dace da ita, a kilo ko a laba, wadda ake rubutawa lb. Laba ɗaya ba ta kai rabin kilo ba, don haka laba 20 kilo 9 ke nan.

Wancan rubutu na biyu shi mutane suka fi takawa. Ka ɗaura jig mai giram 60 a sandar da iyakarta giram 30, ka wurga da ƙarfi, ko dai kanta ya karye ko kuwa wurgin ya tafi a karkace. Ka ɗaura mai giram 10 a sandar da aka yi don giram 80, sandar ba za ta ma san an rataya mata wani abu ba, jig ɗin zai faɗi gabanka. Dalili shi ne sanda kamar baka take. Nauyin jig ne ke lanƙwasa ta lokacin wurgi, sannan ta miƙe ta harba shi. Ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe. Mafi dacewa jig ɗinka ya faɗo tsakiyar abin da aka rubuta: sanda mai 20 zuwa 60, jig mai giram 30 ko 40.

Tsawo kuwa ya danganta da inda za ka tsaya. Wanda ke bakin gaɓa ko kan duwatsu yana son nisa, sai ya nemi mita 2.7 zuwa 3. Wanda ke cikin kwale-kwale ba ruwansa da nisa, kifin na ƙarƙashinsa, doguwar sanda sai ta zame masa kaya, ta riƙa bugun abokin tuƙinsa. Mita 1.8 zuwa 2.1 ta ishe shi. Wanda ke son sanda guda da zai yi amfani da ita nan da can, mita 2.4 ba ta cika ba da kunya ba.

Sai kuma yadda sanda ke lanƙwasa. Riƙe ta a kanti, ka dafa kanta a ƙasa a hankali, ka duba inda ta ranƙwafa. Wata kanta kaɗai ke lanƙwasa, sauran jikin na tsaye ƙiƙam. Wata tun daga tsakiya take yin baka. Don aikin jig ta farkon ake so, domin ita ke isar da motsin hannunka ga jig nan take, ita ke kawo maka labarin taɓi, kuma idan ka fizga tana da ƙashin bayan da zai kafa ƙugiya a bakin kifi mai tauri. Ta biyun ta fi dacewa da fatsar koto, inda kifi ke haɗiya ya tafi da kansa.

Sanda iri biyu ce ta fi yawa a kasuwa, ta faiba da ta kabon. Ta faiba tana da nauyi, ba ta jin taɓi sosai, amma tana jure wahala: a jefa ta bayan mota, a ɗaure ta a babur, ta sha. Ta kabon ba ta da nauyi, tana ji kamar fatar hannu, amma ƙwanƙwasa ɗaya a gefen jirgi kan yi mata tsagar da ido ba ya gani, sai ranar da babban kifi ya ja ta ɓalle a nan. Ga mai koyo, da wanda zai riƙa hawa babur daga Illela zuwa Goronyo, ni dai faiba nake ba da shawara. Kuma ku ji wannan da kyau: kabon na ɗaukar wutar lantarki. Kada a ɗaga irin wannan sanda kusa da wayar wuta, kuma da zarar hadari ya taso ana walƙiya, a kwantar da ita a bar bakin ruwa.

Kafin ka biya, bi zobban da zare ke ratsawa ɗaya bayan ɗaya. Ɗauki ɗan auduga ka zura cikin kowane zobe ka juya. Idan audugar ta maƙale, akwai tsaga, kuma wannan tsagar za ta riƙa cin zarenka kamar reza.

(Ɗan kiɗa)

Yanzu sai zare, wanda shi ne mafi araha a cikin kayan, kuma shi ne ya fi sa mutane kuka. Kakanninmu da zaren auduga da na rama suka yi su. Zaren nailan da ya cika kasuwanninmu a yau, kamfanin DuPont na Amurka ne ya ƙirƙiro sinadarinsa a shekarun 1930, daga baya ya game duniya. Nailan na da kirki: yana da araha, yana ɗauruwa cikin sauƙi, yana jure gogar dutse, kifi ba ya ganinsa sosai. Aibinsa ga mai jig shi ne yana miƙewa kamar roba. Idan ka wurga mita 50, taɓin kifi kafin ya iso hannunka miƙewar zaren ta shanye shi. Aibi na biyu, rana na cinsa. Mu kuwa nan Sakkwato rana ba baƙuwa ba ce.

A nan ma ina da tabo. Wata shekara na sayi naɗin zare a wata kasuwa, an rubuta laba 20 a jikinsa. Na lura takardar ta koɗe, alamar ya daɗe a rataye a rana, amma da mai kayan ya rage mini kuɗi sai na yi shiru. Na kai shi Goronyo. Wajen la'asar wani abu ya ɗauki ƙugiyata ya nufi tsakiyar ruwa, sanda ta yi baka, zuciyata na dukan uku-uku. Ban ƙirga goma ba na ji tas. Na naɗo zare fayau, ko ganin kifin ban yi ba. Da na dawo gida na ja ragowar zaren da hannu biyu, sai ga shi yana tsinkewa kamar taliya. Ranar na yarda araha ba ta ado.

Ga gwajin da na koya tun daga nan, kuma kowa na iya yinsa a tsakar gida. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ɗauki jarka ka zuba mata lita 5 ko 6. Yanko zare kamu biyu, ka ɗaura gefe ɗaya a hannun jarkar da irin ƙullin da kake ɗaura ƙugiya, ɗaya gefen ka naɗa a guntun icce, kada ka naɗa a yatsa don zai yanke ka. Ɗaga a hankali, ba da fizga ba. Zaren da aka ce na kilo 9 ne ya kamata ya ɗaga wannan jarka ba gardama. Idan ya tsinke, duba inda ya tsinke. In a tsakiya ne, zaren ya mutu. In a ƙulli ne, hannunka ne ke buƙatar gyara. Ƙulli dama shi ne wuri mafi rauni a kowane zare, shi ya sa ake jiƙa shi da ruwa ko yawu kafin a ja shi ya ɗaure, don zafin goga kada ya ƙona nailan ɗin.

Bayan nailan, iri na biyu shi ne zaren kitso, wanda aka tufka daga siraran zaruruwa huɗu ko takwas. Wannan kusan ba ya miƙewa ko kaɗan, kuma ya fi nailan siranta nesa ba kusa ba idan ƙarfinsu ɗaya. Saboda sirantarsa yana tafiya nesa a wurgi, yana yanka igiyar ruwa, jig ya isa ƙasa da wuri. Saboda rashin miƙewarsa, ko dutse jig ya taɓa sai ka ji. Shi ya sa masu jig a teku suka fi son sa. Amma yana da tsada, kifi na ganinsa a ruwa mai haske, kuma kaifin dutse ko kwanson kawa na yanka shi farat ɗaya idan yana a miƙe. Yana kuma yanka hannu, kada a kuskura a naɗa shi a tafi a ja.

Maganin wannan shi ne a haɗa biyun. A cika inji da zaren kitso, sannan a ƙarshensa a ƙulla zaren baki, wato tsawon gaba guda na nailan mai kauri ko wanda ake kira fulorokabon, a ɗaura jig a jikinsa. Shi zai sha gogar dutse da bakin kifi. Idan kuma kifin mai haƙora ne, kamar tsage a ruwanmu ko barakuda a teku, sai a ƙara siririyar waya kamar taƙi ɗaya, don waɗannan biyun nailan a wurinsu kamar zaren ɗinki yake.

Wani zai ce, to me zai hana in sayi zare mafi kauri in huta? Abin da zai hana shi ne kauri na rage nisan wurgi, ruwa na tura shi ya hana jig nutsewa, kuma idan zare ya fi sanda ƙarfi, ranar da ƙugiya ta maƙale a dutse ka ja, sandar ce za ta karye maimakon zaren. Gara ka yi asarar jig da ka yi asarar sanda. Ba ƙarfin zare ne ke kayar da babban kifi ba, birki ne. A kan injin naɗi akwai wani abin murɗawa da ke sa zare ya riƙa fita da kansa idan ja ya yi yawa. Ana saita shi a kashi ɗaya cikin uku ko cikin huɗu na ƙarfin zaren. Zaren kilo 9, birki ya fara saki a wajen kilo 2 da kwata zuwa 3. Koma ga jarkarka: zuba lita 3, ka ɗaura zaren kai tsaye daga inji, ka ɗaga. Idan zaren ya fara zarewa daidai lokacin da jarkar ke barin ƙasa, ka saita. Da haka kifi zai yi ta gudu yana jan birki har ya gaji, kai kuma kana naɗowa duk lokacin da ya tsaya. Mai zaren kilo 9 na iya fitar da kifin da ya ninka haka nauyi, in dai yana da haƙuri da isasshen zare a inji.

(Ɗan kiɗa)

To, ga 'yan uwanmu da ke bakin teku, ko masu niyyar zuwa. Mu nan kifin teku a kwali muka san shi, daskararre, irin su taitus. Amma Nijeriya na da gaɓar teku mai tsawon kilomita 853, kuma duk wanda ya je wajen Tarkwa Bay a Legas ya ga masu fatsa a kan dogayen duwatsun da aka jera a bakin mashigar jiragen ruwa. Abu uku ne suka bambanta can da nan.

Na farko gishiri. Kowace lita ta ruwan teku na ɗauke da gishiri kimanin giram 35. Ƙugiyar da za ta shekara a Kalmalo ba ta yi komai ba, a Legas kwana kaɗan za ta yi ja da tsatsa. Don haka a nemi ƙugiya da zobba da injin da aka yi don ruwan gishiri, kuma duk ranar da aka dawo a ɗauraye sanda da inji da jig da ruwan daɗi, a hankali ba da matsi ba, a shanya a inuwa, a ɗiga mai a gaɓoɓin injin.

Na biyu, teku na cika yana janyewa sau biyu a kwana ɗaya, wajen awa shida yana hawa, wajen awa shida yana sauka. Lokacin da ruwan ke tafiya kifi ya fi kiwo, amma lokacin ne kuma yake kwashe jig marar nauyi ya hana shi isa ƙasa. Ƙa'idar ita ce ka ɗaura mafi ƙarancin nauyin da zai kai ƙasa. Wurga, ka ƙirga a zuci har ka ji zare ya saki, alamar ya taɓa ƙasa. Idan ka yi ta ƙirga bai saki ba, ƙara nauyi. Idan yana faɗuwa kamar dutse yana maƙalewa, rage. Ga mai tsayawa a gaɓa ko kan duwatsu, sanda mai mita 2.7 zuwa 3 da ke ɗaukar giram 20 zuwa 60, da zaren kitso na laba 20 zuwa 30, da zaren baki na laba 30 zuwa 40, sun isa farawa. Kuma irin wannan haɗin, in ka dawo da shi gida, zai yi maka aiki a kan giwan ruwa matsakaiciya a Goronyo ko Kainji. A Kalmalo ne dai ba shi da aiki.

Na uku, teku ba tafki ba ne. Igiyar ruwa kan taso ba sallama ta share mutum daga kan dutse. Kada ka ba teku baya, kada ka je kai kaɗai, kada ka hau dutse mai gansakuka da silifas. Ka gaida masuntan wurin ka tambaye su, kamar yadda baƙo ke neman izinin Sarkin Ruwa a ƙasarmu kafin ya jefa koma. Sarkawa da Kabawa sun kai sana'ar su har tafkin Cadi, kuma da ladabi da tambaya suka zauna lafiya da masu wuri.

Kafin in rufe, akwai gargaɗi biyu da ba zan tsallake ba. Kan jig dalma ne, haka ma abin nutsar da zare. Dalma guba ce. Ba mu manta abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma daga aikin haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400. Don Allah a daina matse dalma da haƙori, a sa filaya. A daina narka dalmar tsohon batir a tsakar gida, balle a tukunyar girki ko kusa da yara. A wanke hannu kafin a ci abinci. Na biyu, duk wanda fatsa ta ƙi shi kada shaiɗan ya raya masa zuba maganin ƙwari a ruwa. Dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta su da guba da nakiya da lantarki, kuma ko ba doka, ruwan nan shi dabbobinmu ke sha, kifin kuma 'ya'yanmu ne za su ci. Wanda ya kama ɗan ƙaramin kifi da bai isa ci ba, ya cire ƙugiya a hankali ya mayar da shi, baɗi ya same shi ya girma.

Ɗan ƙanen nan nawa, in ƙarasa muku labarinsa, bai jefar da kayansa ba. Ya naɗe su ya ajiye don Goronyo. Washegari ya koma wurin dattijon da goro, dattijo ya yanko masa gora, ya ɗaura masa siririn zare da ƙugiya ƙarama, ya nuna masa yadda ake soka tana ta rufe ƙarfen duka, da yadda ake matsar da toto sama ko ƙasa har koto ya tsaya daidai inda karfasa ke kiwo. Da azahar ya shigo gida da kifi bakwai a zarge a reshe, uwarsa ta yi miya.

Ranar Lahadi in Allah ya kai mu kasuwar Illela na ci, Laraba kuma ta Ƙonni. Duk wanda ya tsaya gaban mai kayan su, kafin ya ce nawa, ya fara gaya wa kansa sunan kifin da sunan ruwan. Sannan ya karanta rubutun jikin sanda, ya zura auduga a zobba, ya duba ko zaren ya sha rana, in ya isa gida ya ɗauko jarka.

Nan muka kawo ƙarshen shirinmu na yau. Wanda ke da tambaya, ko dattijon da ya ga mun yi kuskure a wani wuri, ƙofa a buɗe take, a aiko mana mu karanta a shiri na gaba. Allah ya tsare masu shiga ruwa, ya sa albarka a abin da aka kamo. Sai wani makon in Allah ya yarda. 

(Kiɗan rufe shiri)